Kafin Ka Ce "Na Sallama": Jagora Ga Mai Sayar da Gida a Gaya

Gida a Gaya ba ya rasa masu nema. Akwai ɗan kasuwar da ke son wurin ajiye kaya kusa da hanyar gada, akwai ma'aikacin duwan ko malamin makaranta da aiki ya kawo daga Yamai ko Doso, akwai ɗan gari da ya yi shekaru a Kwatano ko Legas ya dawo da ɗan abin hannunsa, ga kuma maƙwabtanmu na Kamba da Malanbil da kasuwa da auratayya suka haɗa mu da su. Yawan masu nema alheri ne ga mai gida, sai dai shi ne ke sa mutum ya ɗauka sayar da gida magana ce ta taya da albarka kawai.

Yawancin masu sayarwa kan farashi suke ƙarar da ƙarfinsu. Mutum ya kwana yana lissafin yadda zai ƙara jika ɗari biyar a kan tayin da aka yi masa, alhali asarar da ke karya mai gida ba kasafai take shigowa ta wannan ƙofa ba. Takan shigo ta wajen ƙanwar da ba a shawarta ba, ko takardar da har yau ke ɗauke da sunan wani, ko kafin alƙalamin da aka cinye tun ba a rubuta komai ba. Cinikin da aka warware bayan shekara biyu ya fi cinikin rangwame ciwo, domin kuɗi sun riga sun tafi, mai saye kuma yana ƙofar gida yana neman abinsa. Ga kurakuran da suka fi yawa, a jere bisa tsarin da ya kamata a bi wajen kauce musu.

1. Sayar da gidan da ba naka kai kaɗai ba

Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni na gado ne. Uba ya rasu, babban ɗa ya ci gaba da riƙon gida, shi ke gyaran katanga, shi ke karɓar kuɗin haya, har shi da maƙwabta suka manta cewa riƙo yake yi. Riƙo dabam, mallaka dabam. Matar mamaci tana da tumuninta idan akwai ƴaƴa, rubu'i idan babu. Mahaifiyarsa idan tana raye tana da nata kaso. Ƴa mace tana da rabin abin da ɗa namiji ya samu, ko da aure ya kai ta Kandi ko Birnin Kebbi shekara ashirin ba ta leƙo ba. Kafin ma a zo ga rabo, sai an biya bashin mamaci an fitar da wasiyyarsa, wadda ba ta wuce sulusin dukiya.

Saboda haka kafin dillali ya ji labari, magada ne za su fara ji. A yi zaman iyali a gaban malamin da ya san rabon gado, a lissafa kowa da sunansa, a amince da sayarwa, a zaɓi wakili ɗaya. Daga nan a je kotun gari a karɓi takardar shaidar magada da takardar zaman iyali mai ɗauke da sunan wakilin. Wanda ke nesa ya aiko da takardar wakilci mai hatimin hukuma. Saƙon murya ta WhatsApp da ya ce "ku yi duk abin da kuka gani" ba ya tsayawa a gaban alƙali ranar da mai maganar ya sauya ra'ayi. Idan a cikin magada akwai marayun da ba su balaga ba, kada kowa ya taɓa rabonsu sai da izinin alƙali.

Akwai kuma haƙƙin shufu'a, wanda ɗaliban Risala da Muktasar suka sani. A mazhabar Malikiyya, idan gida na tarayya ne ba a raba shi ba, sai ɗaya daga cikin masu shi ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon biyan kuɗin da baren ya biya ya karɓe rabon. Kenan wanda ya tsallake ɗan'uwansa ya sayar wa baƙo ya jefa baƙon a rigima, ya jefa kansa a kunya. Fara yi wa na gida tayi. In sun ce ba su iyawa, su faɗa a gaban shaidu.

Tambayi kanka kuma ko akwai ɗakin da wata a gidan ta gina da kuɗin adashenta, ko sashen da marigayi ya ba wani kyauta tun yana raye. Irin waɗannan maganganu ba sa fitowa sai ranar da aka ga baƙo yana auna tsakar gida. Ke kuma Hajiya, idan gidan naki ne, da bakinki za ki amince, da hannunki za ki sa hannu, ko da ƙane ko ɗa ne ke yi miki zirga-zirga.

2. Rashin sanin irin takardar da ke hannunka

"Ina da takarda" ba amsa ba ce, domin takardun ba ƙarfinsu ɗaya ba. Iri uku ne aka fi gani.

Ta farko ita ce ta filayen gargajiya. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce tushen hukumomin filaye da ake kira Kofo, waɗanda ake da su a matakin jiha ƙarama, da gunduma, da ƙauye. Su ke ba da shaidar mallakar gargajiya da shaidar sayarwa, kyauta, aro ko jingina. Wannan ta shafi gonaki da garake da gidajen ƙauyuka irin na wajen Tanda, Bengu da Tunuga, da filayen bayan gari da ba a kai ga yankawa ba.

Ta biyu ita ce wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yi lotisma an yanka filaye, wato akt-da-sesiyon. A jikinta akwai sunan mai fili, lambar rukuni, lambar filin da girmansa.

Ta uku ita ce titir fonsiye, wadda ke fitowa daga ofishin filaye na hukumar haraji. Ita ce mafi ƙarfi, ita banki ke riƙewa ya ba da bashi da kwanciyar hankali. Tun 2006 aka sauƙaƙa hanyar samun ta da tsarin da ake kira Sheda. Gidan da ke da ita ya fi saurin samun mai saye na kirki, musamman wanda zai biya ta banki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne takarda tana ɗauke da sunan mutumin da ya fara samun filin, ya sayar wa wani, wanin ya sayar wa mahaifinka, kowane ciniki da ƴar takardar hannu, ba a taɓa zuwa ofis an sauya suna ba. A idon hukuma filin na mutumin farko ne. Idan ya rasu, sai ka bi magadansa ɗaya bayan ɗaya su sa hannu, kuma ba kowane magaji ne zai sa hannu a banza ba. Gyara wannan tun kafin ka sa gida a kasuwa. Je ka ofis a buɗe rajista a gabanka, ka ga sunan da ke ciki, ka tabbatar ba a ba wani wannan lambar ba, ka duba taswira ko wani ɓangare na gininka bai hau hanya ko filin da aka ware wa jama'a ba. Dogara da rajista da hatimi, kada ka dogara da sanayya. A 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun gundumomi aka naɗa kantomomi, wanda ya jingina da alkawarin baki na wani mai kujera ya wayi gari ba shi da madafa.

In takardar ta ɓata, kai rahoto ga ƴan sanda ka nemi kwafi a ofishin da ya ba da ita. Ta asali kuwa ba ta barin hannunka sai ranar biya. Dillali da mai saye hoton takarda ya ishe su.

3. Nuna iyaka da baki

"Daga wancan darbejiya zuwa bakin kwata" ba awo ba ne. Itace yana faɗuwa, kwata tana sauya hanya, katangar da ke tsakaninka da maƙwabci wataƙila shi ya gina ta a cikin filinsa. Kira mai awon ƙasa na hukuma ya nemo duwatsun iyaka, ya gwada abin da ke ƙasa da abin da ke takarda. A yi haka maƙwabta na kusurwa huɗu suna tsaye, da mai unguwa. Idan takarda ta ce murabba'in mita 400 awo ya ba da 360, gara ka sani yau ka rage farashi da kanka da a zo ana neman ciko bayan ka kashe kuɗi. A fayyace kuma maganar hanyar ruwa: indararon wa ke zuba a ina, kwatar wa ke ratsa gidan wa. Rabin faɗan maƙwabta a nan yake farawa.

4. Ɓoye aibin gida

Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara, ga kogin Isa da ke cika sau biyu, da ruwan damina wajen Agusta da Satumba, da ruwan da ke gangarowa daga Gini da Mali a lokacin sanyi. Daminar 2020 da ta 2024 sun rusa gidaje masu yawa a faɗin ƙasa. Mai sayen da ya zo ganin gida a watan Maris, ƙasa a bushe ƙamas, ba zai san tsakar gidan tana zama tafki ba sai an gaya masa.

Wasu sukan yi dabara: a yi sabon shafen siminti daga ƙasa zuwa gwiwa, a bi da farar ƙasa. Wanda ya san gini ba ya ruɗuwa da wannan. Zai durƙusa a gindin bango ya ƙwanƙwasa da makulli, in ya ji ƙarar fanko ya san shafen bai kama ba. Zai goga yatsa a ƙasan bangon ɗaki ya ga farin gishirin da danshi ke bari. Zai ɗaga kai ya soka ƙusa a azarar giginya ya ga ko gara ta cinye cikinta, ya dubi silin ko akwai zagayen tabon yoyo, ya leƙa bayan gida ya ga tazarar masai da rijiya. Da zarar ya kama ɓoye ɗaya, ya daina yarda da sauran maganarka, kuma abin da zai rage a tayinsa ya fi kuɗin gyaran.

Wanda bai gane ba kuwa damina za ta nuna masa. A shari'ar Musulunci mai saye yana da ikon mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa, dokar ƙasa ma ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen lahani. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zagaya da mai saye da kanka, ka nuna masa inda ke yoyo da inda ruwa ke kwanciya, a rubuta a takardar ciniki cewa ya gani ya amince. Aibin da aka faɗa ragin farashi ne kawai yake jawowa, sau ɗaya, a wuce wurin.

Kada kuma tsoron aibi ya sa ka narka kuɗi a gyaran ƙawa. Share gida, yashe kwata, gyara ƙofar da ba ta rufuwa, sauya kwanon da ya huje. Shimfiɗa tayil da sabon fenti mai tsada ba kasafai suke dawo da kuɗinsu ba, don mai saye yakan zo da nasa tsarin.

5. Sa suna da zuciya

Abin da ka kashe wajen gini, da shekarun da ka yi a ciki, da ɗakin da aka haifi ƴaƴanka, duk suna da daraja a wurinka, amma mai saye ba su yake biya ba. Wuri yake biya, da girman fili, da ƙarfin takarda, da hanyar da mota ke shiga, da ruwa da wuta, da tudu ko kwari. Nemi labarin gidaje uku ko huɗu irin naka da aka riga aka sayar a unguwar cikin shekarar nan, ka ji nawa aka biya a hannu. Farashin da maƙwabci ya sa wa gidansa shekara biyu ba a taya ba, ba ma'auni ba ne.

A Gaya kuma farashin gida yana bin halin iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Kwatano suka tsaya, mutane suka koma tsallaka kogi da kwalekwale. Duk lokacin da irin haka ta faru, abin da ya fara jin jiki shi ne magaza da shaguna da ɗakunan haya da direbobi da masu fiton kaya ke kamawa. Gidan zaman iyali a cikin unguwa bai kai su girgiza ba. San irin gidan da kake da shi. Idan darajarsa a kan zirga-zirgar iyaka take, kuma ba matsuwa kake ciki ba, sayarwa lokacin da hanya ke rufe asara ce da haƙuri zai iya karewa.

Kuskure biyu ne ke fuskantar juna a nan. Wanda ya sa suna ya wuce kima, gidansa zai daɗe a bakin dillalai har a fara tambaya ko akwai rigima a kansa. Wanda kuma ya bari gari ya san kujerar Makka yake son biya kafin a rufe, ko bashi ne ya taso shi, ko mara lafiya gare shi a asibiti, za a taya masa gwargwadon matsuwarsa. Dalilinka na sayarwa sirrinka ne. Yanke wa kanka mafi ƙarancin abin da za ka karɓa, ka riƙe a ciki.

6. Sakin gida ga kowane dillali

Dillali na gari yana da amfani: ya san masu nema, ya san wanda ke biya da wanda ke ja. Matsala tana zuwa ne idan ka gaya wa mutum biyar, kowa ya tafi da nasa farashin. Mai saye ya ji miliyan tara a bakin wannan, sha ɗaya a bakin wancan, sai ya ja da baya. Ranar biya kuma sai ka ga mutum shida a zaure, kowa yana cewa ta hanyarsa aka zo.

Zaɓi ɗaya, in ya yi yawa biyu, waɗanda mai unguwa ya san su. Ku yanke la'ada tun farko: nawa ce, wa zai biya, kuma sai kuɗi sun shiga hannu. Ku sa wa'adi, in ya wuce ba a samu mai saye ba kana da damar ba wani. Duk wanda dillalin ya jawo cikin aikin, daga la'adarsa zai sallame shi. Kada ka yarda da tsarin "faɗi naka, abin da na ɗora a kai nawa ne", don a nan ne gidan miliyan takwas ke tafiya a sha ɗaya, mai gida bai sani ba. Ka zauna da mai saye ido da ido, ka ji farashi daga bakinsa, ya ji daga naka. Kawo masu tayin ƙarya don a zuga mai saye kuwa haramun ne, kuma a gari irin wannan ba ya ɓoyuwa.

7. Cin kafin alƙalami, da barin kuɗi ba suna

Ciniki ya faɗa, mai saye ya ajiye miliyan ɗaya ya ce sauran sai ya dawo daga tafiya. Kafin sati biyu an biya kuɗin makaranta, an kai gudummawar biki. Wata uku shiru, sannan ya dawo ya ce ya fasa, a ba shi abinsa. Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya fasa ya yi asarar abin da ya ajiye. Malaman Malikiyya ba su halatta cinikin da aka gina a kan wannan sharaɗi ba. Saboda haka kafin alƙalami amana ce a hannunka har ciniki ya kammala. A rubuta nawa aka bayar, ranar da za a cika, da abin da zai faru in ranar ta wuce. Kada ka karɓi na mutum biyu a kan gida ɗaya ko da na farko ya yi shiru. Warware da shi tukuna a gaban shaidun da suka ga ya ba ka.

Sai maganar irin kuɗin. Da ɗan Malanbil babu wahala, sefa ɗaya muke kashewa. Da ɗan Kamba kuwa dole a faɗi da wane kuɗi ake magana. A farkon 2023 dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,400. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, kusan 656 kowane ɗaya. Wanda ya yanke farashin gidansa da naira a kan za a biya shi kashi uku cikin wannan tsakani, kashin ƙarshe ya zo masa bai kai rabin darajarsa ba. Waɗanda suka tara takardun naira a gida sun kuma sha wuya lokacin sauyin kuɗi na farkon 2023. Yanke farashi da sefa. Mai naira ya canza da kansa ya kawo, ko a rubuta cewa canjin ranar biya za a bi.

Ko a sefar ma a kula da bakin lissafi. Wani da jika yake ƙirga, wani da dala mai tamma biyar, kuma mai lissafi da Zabarmanci ko Dandanci in ya ce dubu ɗaya, jika biyar yake nufi. A takarda a rubuta adadin da lambobi, a sake rubuta shi da kalmomi, a karanta da ƙarfi kowa ya ji.

8. Mantawa da masu haƙƙi a kan gidan

Idan akwai ƴan haya, su ji daga bakinka tun da wuri. Lissafa wanda ya biya wata shida gaba da wanda ya ajiye kuɗin ajiya, a cire daga farashi ko a miƙa wa sabon mai gida a rubuce. Shago da magaza suna da hukunci na musamman: a dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar da Benin ke aiki da ita, sayar da gini ba ya kashe yarjejeniyar hayar ɗan kasuwa, sabon mai gida ne ke gadar ta. Kada ka yi wa mai saye alkawarin shago fanko alhali mai shagon yana da sauran wa'adi.

Idan takardar gida tana banki ko asusun bashi a matsayin jingina, ko ka jinginar da wani ɗaki ga mutum, faɗi. Ana iya tsara ciniki yadda za a biya bashin daga kuɗin gida a karɓo takardar saki a rana ɗaya. Biya bashin wutar NIGELEC da na ruwa da harajin gida, ka ajiye rasit.

9. Sakaci a ranar biya

A yi zaman da rana, ranar aiki, lokacin da banki da ofisoshi ke buɗe. Kowane ɓangare ya zo da shaidu biyu masu hankali, kada duka su zama tsofaffi tukuf, don wataƙila bayan shekara ashirin za a neme su. Kowa da katin shaidarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, don haka neman a rubuta ba rashin yarda ba ne, ko da mai sayen amininka ne.

Takardar ciniki ta ƙunshi cikakkun sunaye, lambar fili da girmansa, farashi, abin da aka biya da abin da ya rage, abin da ke cikin ciniki kamar tankin ruwa, famfo, faifan sola da itatuwa, da ranar tashinka. Da Faransanci ake rubuta ta. In ba ka karanta shi, zo da naka mai karatu ya fassara maka layi-layi, kada ka dogara da na mai saye. Kada ka sa hannu a takardar da aka bar gurbi a cikinta. Gidan da ke da titir fonsiye a gaban noter, wato jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki, ya kamata a ƙulla cinikinsa, saura kuma a kai ofishin da ya ba da takardar a buga hatimi.

Wani zai ba ka shawarar a rubuta farashi ƙasa da na gaskiya don a rage kuɗin rajista. Ƙi. Bayan saɓa doka, in aka warware ciniki ko rigima ta tashi, abin da ke takarda shi alƙali zai duba, kuma in akwai sauran biya, ka rubuta wa kanka asara da hannunka. Je ofishin haraji tun farko a lissafa abin da za a biya, ku yanke wa zai ɗauki me.

Kuɗin kuma a banki ya fi dacewa a karɓe su. Miliyan goma takarda dubu ce ta ƴan jika goma, ɗauri goma. Ƙirga su a kan tabarma, yatsa na gumi, mutane na surutu, almuru na gabatowa, hanya ce ta karɓar ɗaurin da ya rasa takarda uku ko mai jabu a tsakiya, sannan ka kwana da su a ɗaki unguwa duk ta sani. A gaban ma'aikacin banki na'ura za ta ƙirga ta tantance, su shiga asusunka, a ba ka rasit. In ta waya ko kamfanin aika kuɗi aka turo, saƙon da ke wayar mai saye ba hujja ba ne, sai ka gani a naka asusun. Takardar asali da makulli suna fita hannunka ne bayan tamma ta ƙarshe ta shigo. In biyan kashi-kashi ne, takardar ta zauna wurin noter ko amintaccen da ku biyu kuka yarda da shi.

10. Ɗaukar cewa an gama

Muddin ba a sauya suna a rajista ba, kai hukuma ta sani. Harajin gida zai zo da sunanka, mitar wuta tana sunanka, in sabon mai gida ya sayar wa wani aka samu matsala kai za a nemo. Raka shi ofis a yi sauyin suna cikin kwanakin nan, ka riƙe kwafin kowace takarda. Gabatar da shi ga mai unguwa da maƙwabta.

In gidan gado ne, a raba kuɗin cikin satin, kowa ya sa hannu ya karɓi nasa. Kuɗin magada da suka kwana a hannun wakili da sunan "bari in juya su" sun raba zumunta fiye da yadda gidan kansa ya taɓa yi. In gidan zamanka ne, kada ka sallama sai ka san inda iyalinka za su koma da abin da kuɗin za su zama. Kuɗin gida in suka zauna a hannu ba tare da niyya ba, buƙatun yau da gobe ne ke cinye su, mutum ya koma haya a unguwar da yake da gida.

Kafin ka buɗe baki ka ce "na sallama", yi wa kanka tambaya ɗaya: akwai wanda ba na so ya ji labarin cinikin nan sai bayan an gama? In akwai, ko ƙanwa ce, ko maƙwabci, ko ɗan haya, ko wanda ke bin ka bashi, to daga wurinsa rigimar za ta fito. Dakatar da ciniki ka je ka same shi tukuna.